Mutum Ɗaya Ya Rage Mini, Shi Ma Alfarma Yake Nema

Lalla Zhor, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekara goma na yi a majalisa, bara na faɗi zaɓe. Matata ta rasu kafin nan, 'ya'yana biyu suna Marseille, can Faransa. Da, wayata ba ta hutawa. Yanzu sai in ɗauka in duba ko lalacewa ta yi. Akwai dokar da ta hana tsohon ɗan majalisa shiga tsakanin kamfanoni da majalisa sai bayan shekara biyu. Ni na tsaya kai da fata har aka kafa dokar, abokan aikina da yawa ba su yafe mini ba.

Mutum ɗaya ke zuwa, Si Larbi, mai kamfanin kifin gwangwani. Duk Juma'a yakan zo da kuskus daga gidansa, mu ci, mu sha shayi, ya yi ta tsokanata wai na fi shi furfura. Makon jiya ya roƙe ni in kira shugaban kwamitin kamun kifi na majalisa in sa baki a maganar kamfaninsa. Wai kira ɗaya, ba mai ji. Saura wata takwas wa'adina ya cika. Na san haramun ne. Amma wallahi ina tsoron in ce a'a, Juma'a ta zo ni kaɗai a gaban faranti.

Tsohon Wakili

Ya Tsohon Wakili,

Kada ka yi kiran nan. Kai ka san dalilin dokar fiye da ni, kuma shugaban kwamitin zai ji, kai ma za ka ji.

Sai dai kada ka yi saurin yanke wa Si Larbi hukunci. Mutum yana iya son ka, yana kuma son kamfaninsa. Wanda ya shekara yana sallama a ƙofarka ya cancanci a faɗa masa gaskiya ido da ido. Ka ce masa ba za ka iya ba, ka faɗi dalili, sannan ka ce kana jiransa mako mai zuwa. Zuwansa ko rashinsa zai nuna maka matsayinka.

Babbar matsalarka kaɗaici ce. Majalisa aka rufe maka, ba gari ba. Ka sauka tashar jiragen ruwa da safe, masuntan da suka zaɓe ka sau biyu suna nan, da takardun da ba mai karanta musu. Ka kuma faɗa wa 'ya'yanka abin da ka faɗa mini.

Allah Ya jiƙan maiɗakinka, Ya haɗa ka da abokan zama na gari.

Lalla Zhor