Kyautar Kamfani da Kwamfutar Yaya

Aikin farko yau: goge ƙurar kwamfuta, sannan wasiƙar Yaya.

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ƙafar taka? Mu nan lafiya lau, Inna ma ta samu sauƙin tarin.

Yaya, kwamfutar da ka ba ni kyauta bara, wadda nake buga takardu da ita a shago, ita ce dalilin wannan wasiƙa. Kamfanin da ya ƙera ta ya aiko da saƙo a kan allonta cewa ya fitar da sabuwar manhaja, kuma kyauta ce ga masu irin wannan na'ura zuwa ƙarshen wata. Abin ya zo a kan gaɓa. Shugabar makarantar da ke ba ni bugun takardun jarrabawa ta koma sabon tsari, abin da take turo mini ba ya buɗuwa a tsohuwar manhajata. Ta ce in ban gyara ba za ta kai aikin wani wuri, kuma ka san aikinta ne ke riƙe da shagon.

To amma kafin a sauke, sai mutum ya danna cewa ya amince da yarjejeniyar lasisi. Na zauna ina karanta ta layi-layi. A ciki na ga an ce kyautar ta wanda ya mallaki na'urar ce. Kai ka saya, ni ba ni aka yi. Anya ina da hakki? Mai gyaran waya na kusa da ni ya ce kowa dannawa yake yi ido rufe, har ya ce zai sa mini wata ta bayan fage. Na ƙi. Maman yara kuwa cewa ta yi ko da zan aure ta ban yi wannan dogon nazarin ba.

Gobe zan kira kamfanin. Ka taya ni addu'a.

Ƙaninka,
Autan Inna

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ƙafar ta saki. Albishirinka.

Na kira su. Wata ma'aikaciya mai haƙuri ta saurare ni har na gama. Ta sa na kifa kwamfutar na karanto mata lambar da ke ƙasanta, ta duba, ta ce lasisin na'urar yake bi, ba wanda ya biya kuɗi ba. Tunda ka ba ni, tawa ce halak malak. Sharaɗin kawai kada in kwafa in sa wa wata na'ura. Ta yi dariya, ta ce ta daɗe ba ta ji wanda ya karanta wannan sashen ba. Ban sani ba ko yabo ne.

Na kwashe duk ayyukana zuwa filashi, na sake dubawa ko sun shiga. Duk da haka, da na kai yatsa kan maɓallin, sai na tsaya. Maman yara ta kawo mini abincin rana ta tarar da ni a haka. Ta ajiye kwanon, ta ɗora yatsanta a kan nawa, ta danna.

Kwamfutar ta yi ta mutuwa tana tashi, abincin ma ya huce. Can sai ga ta ta dawo tsaf kamar ranar da ka fito da ita daga kwali. Takardun Shugaba suka buɗe nan take. Na buga mata shafin gwaji na kai da kaina, ta ce har zango mai zuwa aikin nawa ne. Yaya, a hanyar dawowa ni kaɗai nake murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa. Allah ya saka maka da alheri, ya bar zumunci.

A gaida Anti da yara.

Ƙaninka,
Autan Inna

Abin da ya rage na gobe:
Sayo tawadar firinta.
Gano inda suka mayar da maɓallin bugawa.
Ba mai gyaran waya haƙuri, ba zan iya kwafa masa ba.
Sake kiran kamfani, in ji ko amincewar nan a kaina take ko a kan maman yara.