Tsakanin Houston da Omaha

Carolina ta Arewa, Agusta

Mama,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Ya ƙafar? Ina fata kina shan maganin, ba ki ci gaba da ba kaji shi ba. Ya damina a Chalatenango, masara ta yi kyau? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Mama, tashi ya kama mu. Kamfanin naman kajin da matata Delmy take wa aiki zai rufe a ƙarshen shekara, garin nan kuwa kaji ne suke riƙe da shi. In suka tafi, babu mai kirana in gyara masa rufin gida, don wanda bai ci ba ba ya tuna yoyo. Garuruwa biyu ne a gabanmu.

Na farko Houston, inda Idalia yayar Delmy take. Kin san ita ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma rabon da su zauna gari ɗaya tun Delmy tana budurwa. Mijin Idalia yana da ma'aikatansa na rufi, ya ce in zo ko gobe. Can ba a san hunturu ba, ana hawa rufi daga Janairu har Disamba.

Na biyu Omaha, inda komadre Marleny take, wadda Delmy ta riƙe wa jaririya a wurin baftisma tun kafin mu yi aure, shi ya sa suke kiran juna komadre. Akwai aiki a mayankar shanu. Amma sanyin garin, an ce in ka tofa yawu kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Mai rufi a can rabin shekara zaman kashe wando yake yi.

Ni dai kin san inda zuciyata take. Sai na yi dabara, na gyara murya na ce, "Delmy, ke ce uwargida, zaɓi naki ne, inda kika ce can za mu."

Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ovidio, yaushe ka zama waliyyi ban sani ba?"

Na ce a raina, ai wace mace ce za ta bar yayarta ta tafi cikin ƙanƙara? Ga Houston na samu, ga yabo a kyauta. Ta ce dai sai mun je mun ga garuruwan da idonmu, gani ya kori ji. Na ce to, man mota ne kawai zai sha wuya.

Ki gaishe da Inna Tencha da duk mutanen unguwa.

Ɗanki,
Ovidio


Carolina ta Arewa, Satumba

Mama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata jiki ya yi sauƙi. Na ji an ce kin koma zuwa kasuwa da ƙafa, don Allah ki riƙa hawa mota. Mun je mun dawo lafiya.

Houston, Mama! Akwai titin da za ki bi tun daga farko har ƙarshe ba ki ji kalmar Turanci ko ɗaya ba. Na ci pupusa, wainar masarar nan tamu, a wani shago, da kabejin nan mai tsami a kai, sai da na rufe ido na ɗauka a tsakar gidanki nake. Kada ki ji haushi, taki ta fi, amma kaɗan ne. Ko ta ina ka ɗaga kai rufi ne yake jiran guduma. Idalia da Delmy kuwa suka rungume juna a bakin ƙofa suna kuka suna zagin juna. "Dubi yadda kika rame, wannan mijin naki iska yake ba ki?" in ji Idalia, ni kuma ina tsaye da akwati a hannu. Duk zamanmu ban ga sun rabu ba, ko kicin ɗaya ta shiga sai ɗayar ta bi ta. Ban taɓa jin Delmy tana irin wannan dariya ba, har da buga cinya.

Omaha ma ba zan ci amanarsa ba, gari ne mai tsabta da natsuwa, mutanensa suna tsayawa da mota su bar ka ka tsallaka. Mun sami komadre Marleny ita da 'yarta Nohemy su kaɗai, tun da hukuma ta mayar da mijinta ƙasarmu bara. Ta rame ƙwarai, ta ce aikin mayanka ne. Rana tana dukan mutum amma tana sanye da riga mai dogon hannu.

Abin da ya burge ni yarinyar ce. Shekarunta sha huɗu, a nan aka haife ta, gashinta rabi shuɗi, waya a manne da kunne, Sifaniyancinta duk a karkace. Amma muna shiga sai ta cire wayar, ta haɗa tafin hannuwanta, ta sunkuyar da kai a gaban Delmy tana neman albarka, da kalmomin nan da kika koya mana mu riƙa faɗa wa iyayenmu na baftisma. Tana tuntuɓe a kansu, uwar tana bayanta tana motsa leɓe tare da ita. Rabona da ganin yaro ya yi haka tun ina ƙauye. Delmy ta sa mata hannu a ka, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Marleny da kanta ta ce, "Komadre, me za ki zo yi a wannan firji? Tafi wurin yayarki, ni da ina da inda zan gudu da tuni na gudu." Na ce a raina, Allah ya yi miki albarka, kin gama mini aiki.

A hanyar dawowa ina ta yabon tarbiyyar yarinyar, Delmy kuwa ta kafa wa taga ido. Na ce gajiya ce. Har na fara tambayar kuɗin hayar motar kaya zuwa Houston.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ɗanki,
Ovidio


Carolina ta Arewa, Oktoba

Mama,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kina lafiya, ke da duk na gida. Mu ma lafiya, sai dai ɗanki mai wayo wayonsa ya ci shi. Omaha za mu.

Ranar Lahadi bayan mun dawo daga coci Delmy ta zaunar da ni. Ta ce, "Kai da kake ta yabon tarbiyya, ka tambayi kanka me ya sa? Yarinyar da ko a waya ba ta iya gaishe ni da kyau, rana ɗaya a koya mata neman albarka? Uwa ba ta tsananta wa 'ya da wannan sai in tana shirin miƙa ta."

Ashe tun a bakin ƙofar nan ta gane. Da muka dawo ta kira Marleny ta tsare ta, "Komadre, tsakaninki da Allah, me kike ɓoyewa a ƙarƙashin hannun rigar nan?" Marleny ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta fashe da kuka. Ƙodarta ce ta lalace, wankin ƙoda ake mata a asibiti, tabon allurar ne take rufewa da rigar, ta bar aiki tuni. Yarinyar ce take dafa abinci, ita take fassara wa uwar maganar likita. Marleny ta ce ba ta so ta roƙa, don ta san Delmy ba za ta iya cewa a'a ba.

Na yi gardama, Mama, ba zan ɓoye miki ba. Na ce mu kwashe su mu tafi Houston tare. Delmy ta ce da ƙyar aka samar wa Marleny gurbi a asibitin can, in ta tashi ba ta da tabbacin wani, yarinyar kuma ba za ta bar uwarta ba. Sai na ce, "To ai ni ma an sha naɗa ni uban biki, in ɗauki nauyin wani abu. Na yi uban kek, na yi uban makaɗa, na yi uban kujeru, ban bi kowa garinsu ba."

Ta ce, "Kai kek ka ɗauka, aka yanka aka cinye. Ni mutum na ɗauka. Fada ya tambaye ni a coci a gaban Allah ko zan tsaya mata, na ce e, kuma ban ji ya ce sai in garin yana da ɗumi ba. Kuma ba kai ka ce zaɓi nawa ne ba, waliyyi?"



Abu mai wuya shi ne gaya wa Idalia. Delmy ta ɗauki wayar ta ajiye, ta ɗauka ta ajiye, har na ce ta kawo in kira. Ta ce ba ni aka goya ba. Da ta gama bayani, muryar Idalia har inda nake tana zuwa. Ta kira ta mai taurin kai, ta kira ta jaka, ta ce duk wahalar da ta sha a kanta ta tashi a banza. Daga nan muryarta ta sauko. Sai ta ce, "Ke, da kin zo nan kin bar yarinyar can, da na san ban iya raino ba. Ki sayi rigar sanyi mai kyau, ba irin ta mijinki ba."

Delmy ta ajiye wayar ta shiga kicin, ta buɗe famfo don kada in ji. Na ji, Mama. Na tsaya a bayan ƙofa kamar ɓarawo. Can ta fito ido jajur ta ce in je shago in roƙo kwalayen zuba kaya.

Na daɗe da matar nan, na ɗauka na san ta ciki da bai, har ina ɗana mata tarko da abin da ta fi so a duniya. Tana son Houston fiye da yadda nake sonsa sau goma, kuma ba wanda ya roƙe ta komai. Ni dai ban san me na yi wa Allah ya ba ni ita ba. An ce masu rufi a Omaha suna kwashe ƙanƙara da shebur in hunturu ya zo, to zan koya.

Ki sa Marleny a addu'a. Sannan ina da roƙo ɗaya. In kin kai wa Baba furanni ranar tunawa da matattu, ki ƙara damƙi ɗaya, ki tsaya a kabarin mahaifiyar Delmy. Ki gaya mata 'ya'yanta biyu ba za su zauna gari ɗaya ba tukuna, kuma ki gaya mata dalili.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Ovidio