Kwalbar da Ka Bari a Akwati

Malam,

Gaisuwa da fatan kana cikin rahama. Na san babu mai kai maka wannan takarda, amma maganar ta cika mini ciki, kuma yanzu ban yarda da kunnen kowa ba a gidan nan.

Na fita takaba. 'Yarmu Hadiza ta ci jarrabawa, gero ya yi kyau a gonar Barmu. Sauran labarin duk na kwalbarka ne, wadda ka kawo daga labo, ɗakin gwaje-gwajen nan na ƙasar waje, mai ƙwayoyin nan ja masu duhu, aka narke bakinta aka liƙe. Haɗin sinadaran osmiyom da kulor, ka ce. Har yanzu ina ganinka a tsakar gida kana murza laka, kana soka tsinken tsintsiya don ka nuna mini ginin cikinta: ɗaya a tsakiya, shida sun kewaye shi. Ka ce zafi kaɗan ya isa ya sauya zamansu. Ina ta gyaɗa kai, hankalina na kan tukunya. Abu guda na riƙe: in aka ɗora ta a wuta, hayaƙinta na cin ido da huhu.

To, ƙanenka Idi ya dawo daga haƙar zinariya a arewa. Wa ya ba shi labarinta? Ya rantse jan merkur ce, irin wadda ake cewa tana sa mutum ya yi arziki dare ɗaya. Yana son ya gwada ta a garwashi, yadda suke ƙona zinariya. Na yi masa bayani, ya yi mini murmushin da ake yi wa mai ɓoye dukiyar gado. Mutumin da bai taɓa tambayar lafiyar yaranka ba, yanzu kullum yana nan da kilishi, idonsa na ƙarƙashin gado inda akwatinka yake.

Sai na daka jar kanwa, na zuba a kwalbar allura, na ajiye a akwatinka. Kafin Juma'a ta ɓace. Tun daga nan ba kilishi, gaisuwa ma da ƙyar. Ya ƙona kanwa ya tsira da idonsa, kuma ni yake jin haushi! Ta gaskiyar na ƙulle ta a zanena na kai wa tsohuwar ɗalibarka da ke koyar da shimi, ilimin sinadarai. Ita ma sai da na tsaya na ga ta sa ta a kabad ta kulle.

Saura kai, Malam. Wannan ne ban taɓa faɗa maka ba. Tun da ka dawo daga karatun nan na ƙasar waje idonka ke hawaye, kana tari, kana cewa kana ganin zobe kewaye da fitila. Ka ce ƙurar allin aji ce. Malamai nawa ke shaƙar alli a Tawa? Me ya sa ba ka taɓa bari Hadiza ta kusanci akwatin ba, amma ka ƙi rabuwa da kwalbar? Na yi shiru don kada in ɓata maka abin da kake alfahari da shi, amma ban taɓa yarda ba, kuma abin na ci mini rai.

Ka ce hayaƙinta na cin ido da huhu. A littafi ka karanta, ko a jikinka ka gani?

Allah ya haskaka kabarinka. Sai mun zo.

Taka, uwar Hadiza