Akawun ɗin Baba da hular Baba

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a sakaya sunana, don Allah ku ba ni shawara, na gaji.

A tarihin ɗan Adam ba a taɓa ƙulla yarjejeniya mai nauyi cikin gaggawa irin wadda ake ƙullawa da danna "na amince" ba. Mu jikokin fataken goro ne na Salaga, masu kwana ana ciniki kan huhu ɗaya, amma da Baba zai buɗe akawun na ajiya a intanet, ko layi ɗaya na sharuɗɗan ba a karanta ba. A ciki ya riƙa adana muryarsa, yana ba da labarin kakanninmu da hanyoyin da suka bi, wa ya haifi wa. Bara Allah ya yi masa rasuwa.

To a gidanmu abin uba na kowa ne, har lambar sirri. Ni ina shiga daga Yendi inda nake koyarwa, Gwaggonmu daga Salaga, babban yayanmu daga Bawku, wani lokaci ma daga Togo in ya bi shanu. Kamfanin ya ga mutum ɗaya a wuri huɗu, ya rufe akawun, wai sai mai shi ya nuna fuskarsa a kyamara.

Sai yanzu na zauna na karanta sharuɗɗan, kamar mai makin jarabawa. Akawun na mutum ɗaya ne, ba a aro, ba a gado. Muna da 'yancin kai ƙorafi, amma in muka ce ya rasu, suna da ikon share komai.

Yaya ya ce abin mai sauƙi ne, shi ya ɗebo kamannin Baba, zai sa hular marigayin ya zauna gaban kyamara. Na ce wannan ƙarya ce da sunan mamaci. Ya ce, "Malama, ke da karatunki, wa ya tambayi kamfani lokacin rabon gado?" Gwaggo kuwa ta yi kuka a waya, ta ce ita muryar ƙaninta kawai take so ta sake ji.

In faɗa wa kamfanin gaskiya mu yi kasadar rasa muryar, ko in kau da kai? Akwai wanda ya taɓa rubuta musu suka saurare shi? Ku taimaka da wuri, don Yaya ya riga ya ba da hular wanki.