Yaya, Bango Bai Ci Wasan Ba

Zuwa ga yayana, marigayi Alhaji Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji da sanyin makwanci. Ƙanwarka ce Hafsatu, daga Guangzhou. Ina nan inda ka bar ni, ko ɗaki ban sauya ba. Na san ba kai za ka karanta wannan ba, mutanenmu na nan da na gida ne za su karanta, kuma yawancinsu sun san ka ne da sana'ar jakunkuna. Akwai abin da ya faru tsakanina da kai da ba su sani ba, shekara guda ke nan yana ci mini rai.

Kai ka kawo ni garin nan karatun Sinanci, ana saura shekara ɗaya a yi gasar Olamfik a Beijing. Umma ta ƙi da farko, sai da ka yi mata alkawarin cewa idonka ba zai bar kaina ba. Watannin farko na sha wuya. In haddace harafi yau, gobe ya gudu. Malamarmu ta ce in nemi abin karantawa mai hoto da yawa, magana kaɗan. A bayan makaranta akwai wani ɗan shago da ake ba da aron littattafan zane irin na Japanawa, waɗanda ake kira manga, an juya su zuwa Sinanci. Na ɗauki wani a kan 'yan wasan tanis na wata makarantar sakandare. Ban san komai a kan tanis ba. Na ɗauke shi ne don na ga rubutunsa bai cika shafi ba.

Duk Asabar sai ka ɗauke ni mu tafi Shiling a mota in yi maka tafinta wurin masu ɗinka jaka. Sinancinka kalma huɗu ne: nihau ta gaisuwa, shiye-shiye ta godiya, lawban wato maigida, da meyo wato babu. Da su da nuni da yatsa ka shekara shida kana kasuwanci, kuma ba wanda ya taɓa sayar maka da roba da sunan fata. Tafiyar ta fi awa guda, ni kuma littafina na buɗe a cinya.

Ranar farko da ka gan shi ka ce, “An kawo ki karatu, kin ɓige da kallon 'yan zane.” Can ka karɓa ka jujjuya, ka ga daga dama ake buɗe shi kamar littafin Larabci, abin ya ba ka sha'awa. Ka nuna wani yaro ka tambaye ni me yake cewa. Daga ranar na zama mai ba ka labari. In karanta a zuci, in faɗa maka da Hausa, kai kuma kana bin hotunan da ido.

Sunayensu ba su zauna maka a baki ba, sai ka raɗa musu naka. Jarumin labarin, yaron da ya shigo makarantar da baiwa kuma yake cinye kowa ba tare da ya yi gumi ba, ka kira shi Ɗan Gata. Ni shi nake so. Kai kuwa naka wani ne ɗan ajin ƙarshe, gajere, mai nauyin ƙafa, wanda kakarsa mai shagon wanki da guga ta rene shi. Ba shi da wani bugu na burgewa. Abu ɗaya ya iya, duk ƙwallon da aka bugo masa sai ya mayar. Ka sa masa Bango. Da na ce maka ai ba shi ne mai labarin ba, sai ka ce, “Ɗan Gata ba ya buƙatar kowa. Ni ki bar ni da wannan.”

Abin da ya fara ba ka haushi shi ne yadda mai zanen yake jan wasa. Wasa ɗaya sai ya cinye littafi biyu. Ƙwallo tana sama, kowa ya ɗaga kai, sai a bar ta a can a koma shekara goma baya. Na tuna wani abokin karawa mai tsiwa, mai zagin alƙalin wasa, wanda muka haɗu muka tsana. Ana tsakiyar bugu sai aka kai mu yarintarsa: aikin ubansa ya sa ya sauya makaranta sau shida, duk inda ya yi abokai sai a kwashe shi, har ya koyi ɓata wa mutane rai tun ranar farko don kada rabuwa ta yi masa ciwo. Aka dawo fili, ƙwallon ta sauko, aka cinye shi. Sai da muka wuce gadoji biyu, sannan ka ce, “Mai zanen nan ba shi da kirki. Sai ya bari ka gama tsanar mutum, sannan ya kai ka gidansu.”

Ni kalmomi nake karantawa, kai kuma zane, kuma sau da yawa ka riga ni gane abu. Yadda kake duba jaka haka kake duba shafi: ka bar gaban, ka leƙa ɗinki. Kai ka lura cewa takalmin Bango yana ƙara cinyewa daga littafi zuwa littafi, har aka kai inda igiyar ƙafa ɗaya ta bambanta da ta ɗayar, alhali ba a taɓa ambatar talaucinsu da baki ba. Na koma na duba daga farko, haka ne. Kai ka lura cewa rigarsa ce kaɗai mai karin guga a duk ƙungiyar. Kakan ce mini in daina gaskata abin da suke faɗa, in dubi kafaɗunsu.

Da lokacin gasar ya zo, biza ta yi wuya, mutanenmu da yawa suka koma gida, kasuwar Canaan ta yi sakayau. Wata la'asar muka zauna a gidan abincin da muka saba ci, ana nuna tanis na gaske a talabijin. Karon farko ke nan da ka ga wasan da mutane masu rai. Aka gama, kyamara ta bi wadda ta ci tana ɗaga hannu. Ka ce, “To ita wadda aka cinye ina ta yi? Namu ya fi wannan.”

A ranar na ga ka take bayan takalminka. Na tambaya, ka ce zafi ne. Ƙafarka ce ta kumbura, kuma ashe ta daɗe a haka.

Sati biyu bayan nan amai ya kama ka a Shiling, ka kasa tsayuwa. Mai masana'antar da kake saye a wurinsa shi ya kai mu asibiti da motarsa. Aka yi gwaje-gwaje kwana uku. Likitan ya zo ya tsaya a gefen gadonka ya yi mini bayani da Sinanci, domin ba ya jin Turanci sosai. Ya ce ƙodojin biyu sun kusa daina aiki. Ya ce zuciyar ma ta yi rauni, ba za ta ɗauki aikin dashe ba. Ya ce wankin ƙoda zai riƙe ka na wani lokaci, amma kada mu sa ran lokacin zai yi tsawo. Duk na gane, ba kalmar da ta wuce ni. Na juyo na ce maka ƙodarka ce ta gaji, da wanki da hutu za ka warware. Ka ce alhamdulillahi.

Haka na riƙe maganar nan kusan sati uku. Na faɗa wa Umma abin da na faɗa maka, na faɗa wa matarka, Anti Maryam, wadda take Kano da tsohon ciki. Kana ta lissafin zama har a loda kayanka a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, sannan ka ƙara wani zagayen kafin azumi na gaba. Ina ji, ina gyaɗa kai.

Sau uku a sati ake ɗora ka a kan injin, awa huɗu kowane zama. Na riƙa zuwa da littafin bayan darasin safe. A daidai lokacin labarin ya kai wasan Bango na ƙarshe. In an cinye shi, ya gama tanis ɗin makaranta ke nan. Ya haɗu da yaron da ya fi kowa a yankinsu, wasan ya ci littafi uku. Yana mayarwa, yana faɗuwa, yana tashi. Hannunka ɗaya da allurai, ɗayan kana riƙe mini gefen shafi.

Na riga na karanta ƙarshen a bas. Bayan bugu mafi tsawo a duk labarin, ƙwallon ta taɓi saman raga ta faɗo ɓangaren Bango. A zanen ba a nuna ko wane ɓangare ba ne, a bakin alƙali aka rubuta sakamakon. Na dube ka, fuskarka ta yi fari fat. Na ce maka Bango ya ci.

Ka karɓi littafin ka ci gaba da buɗewa da kanka. Shafi shida ne a jere babu kalma ko ɗaya. Sun gaisa a raga. Bango ya rusuna wa fili. Ya zauna a benci ya ninke tawul ɗinsa gida huɗu, ya daidaita bakinsa, ya sa a jaka. Ya tsaya a famfo ya bar ruwa na zuba a ƙeyarsa. Ɗaya yaron kuma, mutane na tafa masa, shi bayan Bango yake kallo.

Ka rufe littafin ka ce, “Wanda ya ci wasa ba ya ninke tawul haka, Hafsa. Mai zanen bai raina shi ba, shafi shida ya ba shi. Don me ke za ki ƙwace masa?”

Na sunkuyar da kai. Sai ka ce, “To yanzu faɗa mini abin da likita ya ce, yadda ya faɗa. Mutumin nan ya daɗe yana magana, kin fassara mini da numfashi ɗaya.”

Na faɗa maka, a gaban ma'aikaciyar jinyar da ba ta jin abin da muke cewa, injin yana ta juyawa. Ban rage komai ba. Ka yi innalillahi sau ɗaya. Sannan ka ce in miƙo maka waya ka kira Maryam, kuma in fita waje in ba ku wuri.

Cikin kwana goma ka damƙa kayanka hannun abokinka, aka shirya maka inda za a ci gaba da wankin a Kano. Na haɗa jakata zan bi ka, ka hana. Ka ce kana da mata, kana da uwa, kana da ƙanne maza biyu, amma ni ba wanda zai zauna mini jarrabawa. Na yi kuka, ba ka sauya magana ba. A filin jirgi aka tura ka a keken marasa lafiya, kana yi wa mai turawar shiye-shiye har kuka ɓace mini.

Wata biyar ka yi a gida. Ka yi wa 'yarka huɗuba da bakinka. Ka zauna da Umma kusan kullum da hantsi. Anti Maryam ta ce ka kira kowa ɗaya bayan ɗaya kun yi magana, ba wanda ka bari da tambaya. Da na ci gaba da abin da na fara, da a nan garin za ka ƙare, kana jiran kwantena, ni kaɗai a kanka. Sati uku na ci maka daga cikin ɗan abin da ya rage. Ba ka taɓa tayar da maganar ba, ni ma kunya ta hana ni, har aka kira ni aka ce ka rasu. Yaya, ka yafe mini.

A waya kakan tambaye ni labarin Bango. Na ce maka ya fita daga labarin, an koma kan Ɗan Gata. Ka ce ai haka ake yi. Bayan rasuwarka an nuna shi sau ɗaya, a cikin 'yan kallo, ranar da aka fara cinye Ɗan Gata. Da kowa ya watse, shi ya sauko ya zauna kusa da yaron a benci. Da kana nan na san da ka ga wani abu a hoton da ni ban gani ba.

Na ci jarrabawar, saura zango ɗaya in kammala. Yanzu mutanenmu sun san ina jin yaren, in wani ya kwanta ni ake kira in raka shi asibiti. Makon jiya na raka wani dattijo ɗan Maraɗi mai sayen yadi. Sakamakon bai yi kyau ba. Ƙaninsa ya ja ni gefe ya roƙe ni in sassauta. Na ce masa bari mu tambayi mai jikin. Na koma na tambayi dattijon ko yana so ya ji duka, ya ce duka. Na faɗa masa a hankali. Ya saurara har ƙarshe, ya yi mini godiya, ya ce, “Marsi, ɗiyata.” Ya tambayi ƙanin nasa yaushe akwai jirgi. Jibi za su tashi.

Umma tana lafiya, sai ciwon gwiwa. 'Yarka ta fara takawa, kuma kowa ya ce goshinka ne da ita.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya. Allah Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya yalwata maka kabarinka, Ya haskaka shi. Allah Ya raya abin da ka bari, Ya ba Umma da Anti Maryam haƙuri. Ya kai dattijon nan gida da ransa, Ya sada shi da iyalinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu da kai a Aljanna. Amin.

Ƙanwarka,
Hafsatu
Guangzhou