Gwiwar Yaya Nasiru

Laraba, bayan isha'i

Yau murna ta hana ni zama! Tunda Yaya Nasiru ya baro kulob ɗin da yake buga wa ƙwallo ya dawo Zakirai, Inna take ce wa 'yan dubiya gwiwa ce, su kuma suna ta kawo man zafi.

Ɗazu Kawu ya zo da mai ɗori. Yana kama ƙafar, Yaya ya ce, "Baba, gwiwata ƙalau take. Ciwon damuwa ne, ina shan maganin asibiti."

Gabana ya faɗi. Tsohon ya saki ƙafar ya ce, "Wane asibitin? Ɗana ya shekara a ɗaki, muna cewa zazzaɓi ne."

Gobe Yaya zai raka su. Ni kam na gama karɓar man zafi!