Na Rame da Tuƙin Jirgi, Ana Zagin Matata

Inna Saili, don Allah ki agaza mini, murna ta ja mini rigima a gida!

Shekarata arba'in da shida, direban bas ne ni tsakanin ƙauyenmu da Apia, babban birninmu. A watan Maris likita ta auna jinina, ta ce kitsen da ke cikinsa ya yi yawa, irin mai toshe hanyoyin zuciya. Ta ba ni wata shida, in bai sauka ba sai ƙwayar magani. Ciwon zuciya ne ya kayar da mahaifina a gonar gwaza yana da hamsin da ɗaya. Ranar da likita ta faɗa mini ko abincin rana ban iya ci ba, abin da ba a taɓa ji a kaina ba.

Ana haka ƙauyenmu ya fara neman matuƙa don tseren fautasi, dogon jirgin ruwanmu mai mutum arba'in da biyar. Na ba da sunana. Zo ki ga dariya! Kyaftin Lemalu ya ce in na shiga sai an sauke mutum biyu. Duk da haka ya ɗauke ni, ya ba ni kujera ta goma sha tara. Makon farko sau uku na yi amai. Da sassafe mu haura tudu a guje, da yamma mu ja filafili har magana ta gagara.

Inna, jiya na karɓo sakamako! Kitse mai kyau ya hau daga 0.9 zuwa 1.2, marar kyau ya sauka daga 4.8 zuwa 4.2. Na rage kilo goma sha ɗaya, ina iya ganin yatsun ƙafata a tsaye! Hon ɗin mota na riƙa dannawa tun daga asibiti, fasinjoji suka ɗauka aure na ƙara.

To ga matsalar. Matan ƙauye sun ce matata Talaleu ta bar ni da yunwa. A taron mata wata ta tambaye ta ko murhunta ya mutu ne. Ta dawo tana kuka, kuma wallahi ita ke tashi kafin ni ta gasa mini kifi. Surukata, Mama Fuatino, ta ɗauki abin da zafi. Duk Lahadi a babban cin abincin dangi sai ta tula mini gindin talotalo da naman gwangwani da ganyen gwaza mai iyo a madarar kwakwa, ta zauna tana kallona. Kin san a wurinmu ture abincin babba zagi ne. In na ci, Talaleu ta huta. In na ƙi, ita za a zaga.

Shi ne na yi dabara: in cinye duka, in ƙara awa guda ina tuƙi a kan ruwa ya ƙone. Zai yi, ko? Ki ce zai yi!

Mai Kujera ta Goma Sha Tara

*

Ɗana Mai Kujera ta Goma Sha Tara,

Barka! Na ji daɗin wasiƙarka har na karanta ta sau biyu. Amma dabararka ba za ta yi ba.

Duba lambobinka. Motsa jiki mai tsanani gwani ne wajen ɗaga kitse mai kyau da ƙarfafa zuciya, amma marar kyau kaɗan yake saukar da shi. Shi wannan ya fi jin maganar abin da ke shiga bakinka da abin da ka gada, kuma ka san gadonka. Awa guda za ta ƙone ƙiba, ba za ta hana maiƙon talotalo ɗaga lambar nan ba. Kada ka ƙara wa kanka horo sai likitarka ta yarda. In kuma ta ce ƙwaya duk da haka, ka sha, ba faɗuwa ba ce.

Mama Fuatino ba maƙiyiyarka ba ce. Tsoro take ji kada a ce 'yarta ta kasa riƙe gida, kuma abinci ne kawai bakin da ta iya magana da shi. Laifin naka ne: ka danna hon ga duk garin, amma ka bar matarka ita kaɗai da bakin mata.

Kafin Lahadi ka je wurin surukarka, ka zauna ƙasa kamar yadda ake yi wa manya, ka nuna mata takardar, ka gaya mata yadda mahaifinka ya rasu. Ka roƙe ta kifin gashi da dafaffiyar gwaza daga hannunta, ka ce tuƙin ƙauye na bukata. Abin da ta riga ta zuba, ka ɗanɗana, ka gode, sauran a sa muku a kwando ku tafi da shi gida kamar yadda aka saba.

Sannan a gaban dangi ka buɗe baki ka ce Talaleu ce ta ciyar da kai har jininka ya gyaru. Ka faɗa da ƙarfi yadda matan za su ji. Wata da watanni tana jiran wani ya faɗi wannan maganar, kuma daga bakinka take son ji.

Allah ya ƙara lafiya, ya sa ku tsufa tare.

Inna Saili